Hagun Malam Cika

Kusan duk wanda ya zo koyon aiki a shagon nan, kafin ya kwana biyu sai ya tambaye ni labarin na'urar da na rataya a bango, saman teburin liƙi. Wasunku ma ba tambaya suke yi ba, hannu suke kaiwa. Kwanan baya na juya ina sallamar mai waya, ina waiwayowa na tarar an sauko da ita, an ɗauko sukudireba, wai za a yi mini gwaninta. Na daka tsawar da har mai shayin bakin titi ya leƙo. Ban ji daɗin tsawar ba, amma ban janye ta ba. Tun da ku ne za ku gaji teburin nan, gara in gaya muku abin da ke cikinta, da irin aikin da kuke gani kamar danne-danne ne kawai.

Na'urar karatu ce, irin wadda ake zuba wa littattafai. Ba ku tarar da kasuwarta sosai ba. Fuskarta ba ta haske kamar ta waya, fari da baƙi ce kamar takarda, kana iya karatu da ita a tsakar ranar Sakkwato ba ka runtse ido ba, caji ɗaya kuma ya kai ka makonni. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: ba ta cin wuta sai lokacin da za ta sauya shafi. In ta rubuta abu, ya zauna ke nan. Ko batirin ya mutu, ko ka cire shi ka jefar, shafin ƙarshe yana nan a fuskarta shekara da shekaru. Amma ranar da ka sa mata wani batir, sai ta ƙifta baƙi, ta share komai, ta tashi daga farko.

Ta farko da na buɗe, kashe ta na yi. A lokacin ina ƙarƙashin maigidana Sidi, nan Sama Road, a wani ƙaramin shago da yanzu ake sayar da tayil a cikinsa. Wurinsa na koyi rediyo, na koyi waya, har ina ganin hannuna ya nuna. Wani malami ya kawo na'urarsa maɓalli ɗaya ya maƙale, na sa ɗan ƙarfe na ɓanɓare bayanta yadda nake yi wa waya. Ban ji ƙarar komai ba. Da na juyo ta, rabin shafin ya daskare, layuka sun tsaga shi. Sidi ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Buhari, wagga ba waya ba ta. Gilashin da ac ciki ya hi ɓawon albasa sirantaka. In ka matsa mata, sai ta mutu ba ta hwaɗa maka ba." Daga ranar ya raba ni da ƙarfe. Ya fere mini tsohon katin waya da reza, ya ce da shi zan riƙa bi gefe-gefe, ina saurare da yatsa. Katin roba, ƙaramar sukudireba mai bakin tauraro, hantsaki, burushin haƙori da sifirit, mita, da ƙarfen narka dalma da ba a bari ya yi zafi sosai, su ne kayan aikin. Ba su da yawa, sai dai kowannensu yana iya ɓata maka ranar.

Masu kawo mana aiki yawancinsu mutanen karatu ne. Malaman cikin gari da ke son a tara musu littattafan da a da sai an cika kwali, ɗaliban jami'a, ma'aikatan da suka yi ritaya ido ya fara gajiya suna son manyan baƙaƙe. Mu muke zuba littattafan, mu daidaita rubutun Larabci ya daina watsewa. Wasanni daga baya suka shigo, kuma Sidi ne ya shigo da su, don ya iya rubuta wa kwamfuta umarni tun kafin abin ya zama ruwan dare. Na'urar ba ta da launi, ba ta da sauri, kafin ta sauya hoto ka kurɓi shayi. Saboda haka ba ta ɗaukar wasan gudu ko na harbi, sai na zama da tunani: jera lambobi, cike gurbin kalmomi, kacici-kacici. Wani babban malami, ba zan faɗi unguwarsa ba, yakan jira shago ya yi sauƙi, ya sunkuyo ya ce, "Ka sa mani abin nan na yara, don jikoki." Bayan kwana biyu sai ga shi, wai jikokin sun maƙale a mataki kaza, ko akwai dabara. Har ya bar duniya ban taɓa tambayar sa sunan jikan ba.

Tambayoyin kacici-kacici ni nake tsara su, kuma a nan na san cewa tambaya mai amsa ɗaya tak ta fi batir wuyar samu. Na taɓa sa wata: a wane wata ake shuka gero? Na ba da zaɓi, na sa wa ɗaya alamar daidai. Wani dattijo manomi daga Wamakko, wanda ɗansa ya karanta masa, ya hau mota takanas ya zo har shago. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Wa yar rubuta wanga abu?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "Gero bai san wata ba, ruwa yas sani. Na'urarka ta ce ban ci ba, ni da nika noma tun ba a haihe ka ba." Na ba shi haƙuri, na cire tambayar a gabansa. Daga nan duk tambayar da na rubuta sai na karanta wa mutanen da suka fi ni gardama, in ta tsira a hannunsu sannan ta shiga.

Aikin da ya fi kowanne cin mu shi ne dara. Kun san ta ko da daga nesa: ramuka a ƙasa layi-layi, wannan da tsinkaye wancan da duwatsu, a kasa 'ya'ya, sannan a riƙa matsawa gida ɗaya-ɗaya. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin wasansa ɗaya, wanda 'ya'yansa suka kasa kai uku an cinye shi. Dokar ba wuya, Sidi ya rubuta ta cikin ɗan lokaci. Amma da muka gwada, abin ba daɗi. Na'urar tana bin doka, ba ta da hali. Sidi ya ce dara ba doka ba ce, hannu ce, kuma in muna son mutanen garin nan su zauna gabanta, sai mun sa mata hannun wani da suka sani.

A lokacin, in ana maganar dara a wajen Gidan Dahala, sunan Malam Cika ake fara kira. Baduku ne, siriri, mai tsayayyen wuya, ba ya dariya sai in ya ci ka. Bayan la'asar yakan rufe rumfarsa ya zo gindin wani dogon yaro inda dattawa ke haɗuwa. Abokin karawarsa na kullum Alhaji Ladan ne, ɗan kasuwar hatsi, mai jiki da fara'a, wanda suka taso tare tun suna yara. Cika ya fi cin sa, Alhaji ya fi shi surutu, haka suka tsufa. Da muka je da buƙatarmu, Malam Cika ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Ku ɗauka. In ƙarhe na iya koyo, shi koya."

Aikina ne ɗauka. Nakan ɗaure waya a reshe da igiyar roba, bakinta na kallon ƙasa, in zauna gefe in kore awaki. Iska ta kaɗa reshe hoton ya karkace, tsuntsu ya yi kashi a gilashi, wani ya miƙe da babbar riga ya rufe rabin wasan. Washegari da safe in zauna gaban kwamfutar Sidi in bi hoton, ina shigar da kowane motsi da hannu: daga wane gida zuwa wane gida, me ke gabansa lokacin da ya yi shi. Damina ta wuce muna yi, rani ya shigo muna yi. Ku da kuke sauke wasa cikin ƙiftawar ido, ba ku san akwai wanda ya taɓa zama yana ƙirga tsinkaye a hoto mai rawa har idonsa ya yi ja ba. A hankali na'urar ta fara kama halinsa: yadda yake cika tsakiya, yadda yake ba ka ɗa ɗaya don ya ci biyu. Har maganganunsa muka sa a ƙasan allon wasan. In ta ci ka sai ta rubuta, "Wanga ɗa nau na." In ka daɗe ba ka motsa ba sai ta rubuta abin da yake gaya wa Alhaji kullum, yana kallon sama: "Yi a hankali, ba ni gaugawa."

Sidi ya yi abu biyu da ya kamata ku sani. Ya hana na'urar rufe fuska in ana tsakiyar wasa, don mutum ya ajiye ya je salla ya dawo ya tarar da 'ya'yansa inda ya bar su. Sannan, saboda masu turi da ke kwafe aikin mutum su watsa a kasuwa, ya ɗaure kowane wasa da na'urar da aka zuba shi. Ko ka kwafe shi zuwa wata ba zai buɗe ba, sai da mabuɗin da ke cikin kwamfutarsa. A lokacin mun ga wayo ne.

Ranar da muka kai wa Malam Cika na'urar ya kara da ita, dandalin ya cika. Ni nake danna masa, yana nuna mini da baki. Ya yi gumi, da ƙyar ya ci. Ya miƙa mini ita ya ce, "Wanga abu ɓarawo na. Dut inda nin nuhwa, sai in iske shi can." Alhaji Ladan ya yi dariya har da riƙe ciki, nan take ya ce a sama masa tasa, don ya riƙa shan kashi a gida ma ba sai ya fito ba. Kasuwa ta buɗe mana. Har daga wasu garuruwa ake aiko da na'ura a sa mata darar Cika, ba mu taɓa samun shekara mai daɗi irin wannan ba.

Ɗaliban jami'a ne suka gano ramin. Wani ya shigo yana murmushi ya ce wasanmu ba ya gani ta gefe. Ya zauna a gabanmu ya ci shi, ya sake ci, ya sake ci, kuma duk ta hanya ɗaya: layin ƙarshe na hannun daman ɗalibin. Yana tara 'ya'ya a can ƙiri-ƙiri, na'urar tana ta hidimarta a tsakiya kamar ba ta ga komai ba. Kafin wani lokaci labari ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai. Sidi ya bi umarninsa layi-layi bai ga kuskure ba, ya ce ko ni na yi ha'inci wajen shigarwa. Na koma kan hotunan tun daga na farko. Ban tsallake komai ba. Abin da na gani shi ne, a duk wasannin da na ɗauka, babu inda wani ya taɓa jera uku a wannan layin don ya ci Malam Cika. Ba Alhaji ba, ba sauran dattawan ba. Sau da yawa hanya a buɗe take, yaro ma zai gani, sai mutum ya kai hannu ya janye, ya motsa wani ɗan daban.

Muka sami Alhaji Ladan a rumfarsa ta hatsi, da hantsi. Sidi ya yi masa bayani, ya nuna masa wurin. Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya sallami masu awo, ya ce, "Ku zamna."

Muka zauna a kan buhu.

Ya ce, "Damarku, hagun Cika ta. Cika ba shi gani da idon hagu. Tun muna samari ruwan jimar hwata yash shiga mai ido. Idon na nan garau, in ka dube shi ba ka cewa komi. Amma layin gehe, sai ya juya kai shika ganinai, shi ko Cika ba shi juya kai gaban mutane."

Sidi ya ce, "To Alhaji, shawara kunka yi a bar mai wurin?"

"Wace shawara? Ba wanda yat taɓa cewa a bari. Haka nan dai munka bari. Baƙo ma ba mu ba shi Cika sai ya kwana biyu cikinmu, ya ga yadda aka yi."

Ni da bakina bai iya shiru ba na ce, ashe ke nan ba gwani ba ne kamar yadda ake faɗa. Alhaji ya juyo ya dube ni, kallon da ban manta ba. Ya ce, "Yaro, da abin da shika gani kaɗai ya hi mu duka. Mu ad da ido biyu, shi ka cin mu."

Sidi ya tambaye shi ko Malam Cika ya san ana bar masa. Ya ce, "In ya sani, bai hwaɗi ba. Ku ko in kun hwaɗa mai, ya bar dara. In ya bar dara, mi yar rage mai?" Da za mu tashi, Sidi ya ce zai toshe ramin, ya koya wa na'urar tsaron gefe. Alhaji ya ce, "Ku gyara ma 'yan makaranta tasu. Tau na'ura, ku bar ta yadda take."

A hanyar komawa, da muka kusa shago, Sidi ya juyo wajena. Ya ce ashe ba makantar mutum ɗaya muka kwafa ba, kunyar dandali guda muka kwafa, na'ura kuwa ta ɗauka haka duniya take, ba mai zuwa ta hagu.

Gyaran bai samu ba, don shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekararmu. Bazara ta yi zafin da ko mu 'yan gari muka ji a jika. Batura suka riƙa kumbura cikin na'urori suna tura gilashi daga ciki har ya tsage, kullum sai an kawo mana gawa. Sababbin na'urorin da suka shigo kasuwa kuma masu yin su sun toshe su, littafi kawai suke karɓa, ba sa karɓar wasan kowa. Matasa suka koma waya mai launi da kiɗa. Cikin wannan zafin Malam Cika ya kwanta, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ba a yi arba'in ba, wata rana da azahar aka dawo da wuta da ƙarfi, muka ji ƙauri. Kwamfutar Sidi ce, da ɗan akwatin da yake ajiye kwafi, don a lokacin yana jone da ita. Umarnin wasan, mabuɗin, hotunan da na ɗauka a gindin dogon yaro, duk suka tafi tare. Mun kai ta wurin waɗanda suka fi mu, har Kano, ba a ciro ko harafi ba. Sidi ya ce doka yana iya sake rubutawa, amma hannun da za a kwafa yana ƙarƙashin ƙasa. Bai ƙara taɓa wasa ba. Ya bar mini shago, wanda daga baya na kwaso kayansa zuwa nan, ya koma harkar sola, yana nan da ransa, in mun haɗu ba ma tayar da zancen.

Daga nan darar Cika ta zama abin da ke raguwa kawai. Duk na'urar da ta mutu, ta mutu da nata, ba a sake wani. Masu ita da yawa ba su damu ba, tunda kowa ya san ta inda ake cin ta. Mutum ɗaya ne ya damu. Alhaji Ladan ya daina zuwa dandali, ya ce wurin ya yi masa faɗi. Bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzu a zaurensa, ya ɗora na'urar a gabansa kamar yadda ake zama da mutum, yana wasa yana surutu. In ta rubuta masa "Wanga ɗa nau na," sai ya ce, "Ɗauka, maye, dama ba ka da kunya." Na zauna kusa da shi ba sau ɗaya ba ina kallo. Hanyar gefe tana buɗewa, yana gani, ya wuce ta. Ba kowa a zauren sai ni, kuma wanda ake jin kunyarsa ya daɗe a kabari.

Aikina ya koma raya na'ura ɗaya. Na bi gari ina sayen matattu don kayan ciki, har masu gwangwan suka san ni, in sun tsinci mai fuskar takarda su ajiye mini. Maɓallin da Alhaji ya fi dannawa ya cinye, na ciro na wata na dasa. Bakin caji ya saki, na liƙe shi da dalma ƙarƙashin madubi ina riƙe numfashi, don in zafi ya wuce kaɗan, gilashin ya tafi. Gilashin ma na sauya, da katin robar nan na Sidi. Batura nakan naɗe su a tsumma in ajiye bayan randa inda ke da sanyi. Duk lokacin da zan buɗe ta sai na gaya masa wasan da ke kai zai goge, shi kuma bai taɓa ba ni ita da wasa a tsakiya ba. Ko na ce ina sauri, sai ya ce, "Buhari, ba a tashi a bar mutum cikin dara." In zauna in jira a cinye shi, sannan ya miƙo.

Ɗaya bayan ɗaya sauran suka ƙare. Na san haka don ni ake kawo wa gawarsu. Ta Alhaji ta rage ita kaɗai a iya sanina.

Da ya fara ciwo na je gaishe shi, na ga batirin ya fara gajiya, na ce ya ba ni in sauya. Ya ce ba yanzu ba. Na sake aikawa, aka ce ya ce bai ƙare ba. Ban matsa ba, na ɗauka rigimar tsufa ce. Bayan ya rasu an yi sadakar bakwai, babbar 'yarsa, Malama Nana, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ta zo shago da na'urar naɗe cikin ɗankwali. Muka yi gaisuwa, na sake yi mata ta'aziyya. Ta ce, "Malam Buhari, Baba ya ce in ta Allah ta kasance a kawo maka, kai kas san ta. Ya daɗe bisa wanga wasa guda. Kullum sai shi ɗauka, shi duba, shi aje, bai taɓa komi ba. Ranar da munka kai shi asibiti ma ya ce a riƙa sa mata caji. Mun sa, amma da munka dawo ba ta motsi."

Tsohon batir ba ya sallama, yankewa yake yi. Na warware ɗankwalin. Wasan yana nan a fuskarta, baƙi da fari, tsaf kamar yanzu aka ajiye.

Na iya karanta dara, watannin shigar da motsi sun koya mini. Alhaji ya rage da 'ya'ya uku, kuma shi ke da motsi. Cika ya riga ya ɗana masa tarko a tsakiya, duk inda ya taɓa, motsi na gaba za a jera masa uku a cire masa ɗa, wasa ya ƙare. Sai wuri ɗaya. Biyu daga 'ya'yansa suna layin gefe, na ukun yana dab da su. Gida ɗaya zai matsa ya jera, ya cire ɗan da ya riƙe tarkon, daga nan wasan ya juye gaba ɗaya. Na bi duk sauran hanyoyin da ido, na sake bi. Babu. Ko ya ci abokinsa ta hagu, ko ya miƙa wuya a cinye shi wasan ya rufe, ya san kuma jikinsa ba zai kai ga wani ba. Sai ya zauna a tsakani, ya ƙi tashi.

Malama Nana ta ce, "Ni ban san dara ba. Shin Baba na ci, ko ana cin shi?"

Na ce, "Malama, wasan hannunai yake." Ta yi addu'a ta tafi.

Washegari na ɗauko batir daga bayan randa. Na auna shi da mita, lafiya lau. Na kifa na'urar a kan tsumma, na bi gefenta da kati, na buɗe bayan. Ina so in kunna ta, ba zan ɓoye muku ba. Aikin ƙuruciyata ne, hannun Malam Cika ne, ba shi da wani kwafi a duniya, kuma tsakanina da shi ɗan liƙi ne kawai. Tun kafin in kifa ta na ɗauki hoton fuskar da waya don kada a ce ta ɓace. Ƙarfen dalma ya yi zafi. Sai na tambayi kaina, in ta tashi, wa zai zauna gabanta? Dattawan dandalin sun ƙare, dogon yaron ma an sare an yi shaguna. Duk wanda ya rage da ya san wasan nan, ta gefe ya san shi. Ni kaina, lokacin da nake karanta allon, yatsana ya riga ya kai kan gidan nan kafin in ankara. In na tayar da Malam Cika, zan tashe shi ne cikin mutanen da ba za su bar masa komai ba, in kuma share zaman da Alhaji ya yi. Na cire ƙarfen daga wuta, na mayar da murfin.

Kada ku ce mini batir ya yi wuya. Na sani ana iya haɗa mata na waya, ni na koya muku yadda ake yi. Lafiyarta ƙalau, duk wanda ya riƙe sukudireba a cikinku zai iya tashe ta kafin shayi ya huce. Shi ya sa na yi tsawa. A sana'ar nan za ku koyi buɗe abu, za ku koyi liƙe shi, waɗannan hannu ne ke koya. Abin da na fi daɗewa ban koya ba shi ne ganin hanya a buɗe in wuce ta, kuma ba a shago na koye shi ba.

Ranar da teburin nan ya zama naku, ku sayar da duk abin da kuka ga dama. Ita dai ku bar ta a bangon, inda rana ba ta bugu, ku riƙa share mata ƙura da busasshen tsumma. In kun matso kusa za ku ga 'ya'ya uku na Alhaji, da gidan da bai shiga ba. A ƙasa kuma akwai layi ɗaya na rubutu, don ya daɗe bai motsa ba kafin batirin ya yanke. Har yau abin da Malam Cika ke gaya masa ke nan: "Yi a hankali, ba ni gaugawa."